Tokar Don Saturnino

Don Saturnino Choque ya yi imani da abu biyu: toka da ƙamshin ƙasa. Na daɗe ina yi masa noma a gangaren Ilabe, kuma ni nake ɗaukar tokar a baya.

Da ruwan farko ya zuba sai ya tsuguna, ya damƙi ƙasa ya shaƙa. "Ka ji albarka, Isidro?" Ni dai ciwon ƙugu nake ji.

Yana da baƙin dankali da ya gada daga mahaifiyarsa, babu mai irinsa a kwarin. Sai ƙazuwa ta kama fatar dankalin. A bikin musayar iri mutane suka riƙa juya shi suna ajiyewa. In ba a karɓa an shuka a wasu gonaki ba, irin zai mutu a hannunsa.

A wurinsa, maganin shi ne toka. Ya kwashe ta murhunsa, ya bi maƙwabta yana roƙo.

Yolanda, 'yar ƙanwarsa da ta karanci aikin gona a Puno, ta zo hutu ta tarar da mu fari fat.

"Kawu, kiwon abin kake yi. Ƙwayar halitta ce mai yaɗuwa cikin ƙasa kamar zare. In abinci ya ƙare mata, sai ta miƙa zaren sama, ta yanyanka shi kamar dutsen ado. Kowane ɗigo yana iya yin barci shekaru, sannan ya sake tsirowa. Toka da busasshiyar ƙasa take so. Ƙamshin nan ma da kake shaƙa, danginta ne ke yin sa."

"To, yanzu albarkar ma ƙazuwa ce? Abin da aka koya miki ke nan?"

"Ka shuka sha'ir, ka huta da dankali a nan."

"Isidro, ƙaro buhu!"

Na ƙaro. Ba a ɗauke ni aiki don gardama ba.

Da muka tone a watan Mayu, kowane dankali kamar bayan kwaɗo. Don Saturnino ya zauna a bakin kunya, ya ƙi ko taunar ganyen koka, goron mutanenmu.

Matarsa, Doña Basiliya, ta ajiye masa zani cike da baƙin dankali, sumul. A bayan ɗaki ta shuka, inda take watsa ruwan wanke-wanke, wurin ba ya bushewa.

"Toka nawa kika zuba?"

"Wace toka, tsoho? Ka bar mini ko ta goge tukunya?"

Su ya kai biki. Kafin azahar an rarrabe irin kaf. Ina tsaye a bayansa wani ya tambaye shi sirrin.

Ya gyara zaman hularsa. "Toka," in ji shi. "Amma sai wanda ya iya."