Tawagar da na kai hawa na biyar

Shekarun baya, da mahaifiyata ta zo mana ziyara ƙasar waje, a unguwarmu ta Morris Heights, aikinta zama a taga. Dusar ƙanƙara na sauka a hankali kamar ana tankaɗen gari, jirgin ƙasa mai lamba huɗu na wucewa can nesa, ita kuma tana jan carbi. Har yau in na rufe ido haka nake ganinta.

Wata rana ta sauka ɗakin wanki na gininmu, ta tarar da kayan wani maƙwabcinmu sun bushe a inji. Ta kwashe, ta ninke masa tsaf, kamar yadda za ta yi wa ɗan kowa a gida. Mutumin ya shigo ya rufe ta da faɗa a gaban jama'a, wai wa ya ce ta taɓa masa kaya.

Da labari ya iske ni, ko abinci na kasa ci. A wulaƙanta uwata ina raye? Da wane ido zan kalli mutanen masallaci? Wani abokina ya ce, "Ka kai ƙara ofishin ginin kawai." Na ce uwa ba ta ofis ba ce.

Na tattaro dattawa, kowa da babbar riga, na sa Inna a tsakiya, muka hau sama wurin maƙwabcin ina ta hura hanci. Nufina ya ba manya haƙuri, su karɓa, mutuncin gidanmu ya dawo.

Bawan Allah ya buɗe ƙofa da gajeren wando, ya zaro ido. Babbanmu ya gyara murya zai fara, sai mutumin ya ɗaga hannu.

"Ku ban yi muku komai ba. Ita na yi wa."

Ya matso gaban Inna, ya sunkuya, ya ce ya yi kuskure. Na fassara mata Turancinsa da ƙyar. Dattawa suka sauko suna tsaki, ni ma kunya ta ishe ni.

Har yanzu ban yarda hanyar mutanen ƙasar ta fi tamu ba. Akwai daɗi ka san in an taɓa ka, dangi za su tashi. Sai dai da muka dawo, Inna ta koma tagarta, sannan ta ce, "Ka sani, ɗan nan, duk tsawon rayuwata in an ɓata min, babanka ake ba haƙuri, ko kawunka. Yau ni aka ba."