Ranar da Muka Ɗauki Inna a Kan Angarib

Shekarun baya, tun ƙasa tana zaune lafiya, mutum yana iya tashi daga Jazira ya nufi kudu ba tare da ya tambayi ko hanya tana biyuwa ba, mahaifiyata ta kira ni wata safiya ta ce, "Ina son ganin Yaya."

Yayarta ke nan, wadda aka kai aure wani ƙauye gaba da Rusairis tun ba a haife ni ba. Saƙo ya zo cewa idanunta sun tafi, jiki kuma ya yi rauni. Ita ma Inna ciwon baya ya kama ta, ba ta iya zaman kujerar mota ko daga ƙauyenmu zuwa Madani. Ga damina tana gab da faɗuwa. Ƙasar can baƙar laka ce, da an yi ruwan farko duk hanyar da ba kwalta ba ta rufe ke nan sai kaka. Na ce ko mu bari sai baɗi. Ta ce, "Baɗi ta masu rai ce."

Ni dillalin riɗi da dawa ne, na saba warware matsala da abin da ke hannuna. Ina da wata tsohuwar hafila, irin ƙananan bas ɗin nan, da na cire wa kujeru ina jigilar buhuna. Na sa aka wanke ta, na shigar da angarib, gadonmu na katako mai saƙar igiya, na ɗaure ƙafafunsa a jikin mota. Na sa katifa da labule, da tulun ruwa, da murhun gawayi, da kayan dafa jabana, gahawarmu ta gida. Matata ta leƙa ta ce, "Wannan ai ya fi ɗakin da ka kawo ni ina amarya." Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa.

Muka tashi mu uku da matata, ina tuƙi, Inna tana kwance a baya tana ba ni umarni kamar ita ta shimfiɗa hanyar. A Sinnar ta sa na tsaya na buɗe mata ƙofa ta ga madatsar ruwa. Duk rayuwarta a gona ta yi ta tana jiran ruwan nan ya iso, amma ba ta taɓa ganin inda ake riƙe shi ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Duk wanga ruwa, amma audugata ta bushe shekarar da anka haife ka?" Na ce ta yi haƙuri, lokacin ban san kowa a hukuma ba.

A Mai Wurno muka sauka wurin gwaggona. Matan unguwa suka yi ta shiga motar suna fita, ana taɓa labule, ana tambayar ko da banɗaki. Kwana ɗaya na tsara, muka yi fiye da haka. Baƙo ba ya sallamar kansa.

Sai Abu Hujar, gidan kawuna, ƙanen Inna, mai lambun ayaba a bakin kogi. Muna gama gaisuwa ya ce sai mun zauna an dawo da ragonsa daga kiwo, an yanka, an kira maƙwabta. Na ce, "Kawu, hadari yana haɗuwa a kudu." Ya ce, "Kai yaro, ni za ka koya wa hadari?" Ya ɗaga yatsa zai yi rantsuwar saki, irin wadda mutanen ƙasar nan suke ɗaure baƙo da ita, wadda in ta fita ba ka da ta cewa.

Inna ta daka masa tsawa daga kan gado. "Kul! Matarka ba ta yi maka komai ba. Kai yaushe rabonka da Yaya?"

Ya sauke yatsa.

"In kana son mu ci ragonka, aika a kamo shi, ka ɗauko hularka ka shigo."

Haka muka bar Abu Hujar mu huɗu da rago. Kafin mu kai Damazin ya cinye gefen labule.

Da muka haye zuwa Rusairis kawu ya so mu tsaya ya ɗauki hoto da madatsar can. Na dubi sama na ce sai a dawowa. Muka sauka daga kwalta muka shiga hanyar ƙasa, ina gudu gwargwadon abin da bayan Inna zai ɗauka. Iska ta fara kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muna hango hasumiyar masallacin ƙauyen ruwa ya sauko, tayoyin baya suka nutse kamar an ja su daga ƙasa.

Wasu manoma biyu da suka fake a gindin kuka suka zo suka tura, muka ƙara nutsewa. Ɗayansu ya nuna min wani kwari da ke tsakaninmu da ƙauyen, ruwa ya fara bi ta cikinsa. Ya ce in ya cika, ba mai hayewa sai ya janye, kuma ba wanda ya san ranar. Inna ba ta iya takawa. Goyo ma ba zai yiwu ba, bayan ba ya lanƙwasuwa.

Na ce, "Mu kwance gadon mu ɗauke ta a kai."

A ƙasar nan, mutum huɗu ba sa ɗaukar angarib da mutum a kai sai in maƙabarta za su. Kawu ya ce, "A'uzu billahi. Hajja, kin ji ɗanki?"

Inna ta ce, "Na ji. Ku kwance shi. Ko ba jima ko ba daɗe za ku ɗauke ni a kansa. Gara yau, da zan iya gaya muku inda kunka yi kuskure."

Matata ta lulluɓe ta da farin mayafi saboda ruwa, har kai. Ni da kawu a gaba, manoman a baya, muka haye kwarin ruwa yana dukan gwiwa. Matata tana biye da mu, fuska jiƙe, tana jan rago. Ni tunanin santsi kawai nake yi, ban tsaya na ga hoton da muka zama ba.

Mutanen ƙauye sun gani. Mazan da ke rumfar masallaci suka miƙe tsaye suna salati. Wani dattijo ya gane kawu, ya dafa kansa, ya aika gidan Yaya. Sannan suka shigo ruwa suna karɓar ƙafafun gadon daga kafaɗunmu bi da bi, kowa yana neman lada. Na buɗe baki in yi bayani, numfashina bai kai ba. Kawu kuwa, Allah ya sani, ina zargin daɗin abin yake ji.

Wani ƙaƙƙarfa ya karɓe ni ya ɗaga da ƙarfi. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi: "Kai wane ne wanga? A hankali, bayana!"

Bawan Allah ya saki ƙafar gadon ya yi tsalle gefe. Da ban tare ba, da ranar an yi jana'izar gaske.

Kafin dariya ta gama zagayawa mun iso ƙofar gidan. Yaya tana zaune a ƙasa cikin laka, mata suna riƙe da ita, tana kiran ƙanwarta da sunan da ake kiran ta tana ƙarama, tana cewa, "Kin zo, amma ba ki jira ni ba." Muka sauke gadon a gabanta. Inna ta yaye mayafi ta ce, "Yaya, yi shiru haka nan, kina tara mini jama'a."

Tsohuwar ta tsaya cak. Ta miƙo hannu tana lalube har ta sami fuskar, ta shafa goshi, ta shafa kumatu. Ta ce, "Kin tsufa."

"Ke gani kika yi?"

Daga nan ba wanda ya ƙara jin abin da suke cewa, suna kuka suna dariya, mu ma muka nemi wani wurin kallo.

An ci ragon kawu washegari, ƙauye duka. Motar ta zauna a laka har ƙasa ta sha iska, aka jawo ta da tarakta. Cinikin da ya wuce ni a wannan zama ban taɓa jin zafinsa ba, ni da ko buhu ɗaya ya ɓace sai na kasa cin abinci. Na kan leƙa ɗaki in ga gado biyu a jere, tsofaffi biyu suna gardama a kan wadda ta fasa tulun kakarsu. A kasuwa na koyi cewa kaya yana jiran farashi. A tafiyar nan na ga akwai abin da ba ya jiran kowa, in ka same shi a buɗe shiga kawai, ko da a kan me aka ɗauke ka.

Yaya ba ta ga wata daminar ba. Ni aka bugo wa waya, na je na durƙusa gaban Inna ina neman yadda zan fara. Ta dube ni ta gane. Ta gyara zama, ta ja mayafinta, ta ce, "Ita ta riga ta yi mini nawa kukan, da kunnena na ji. Ku ba ni wuri in yi mata nata."