Daƙiƙa Biyun Inna

A wurin aiki Anti Daƙiƙa ake ce mata, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Shekara shida ke nan tana zaune gaban kwamfuta a wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya, tana daidaita muryar na'ura da rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan fim. In murya ta riga rubutu, ta ja mata birki. In ta makara, ta datse shirun da ke gabanta. Ko rabin daƙiƙa ba ya tsere mata.

To, sai ga aikin gida ya gagare ta. Idon Babanta ya tafi, kunnen Innarta ya yi nauyi, har sun daina zama gaban wasan barkwancin ƙasar waje da suka saba kallo. Ita kuwa burinta bai wuce ta ga sun yi dariya tare kamar da ba. Ta ɗora wa wasan muryar fassara saboda Baba, ta ƙara wa Inna girman rubutu, ta auna komai tsaf.

Ran Asabar aka kunna. Baba ya ƙyalƙyale da dariya, Inna sai bayan daƙiƙa biyu.

Ta ce lallai Inna ce ba ta da saurin karatu. Ta matso da rubutun gaba da daƙiƙa biyu. Haka dai. Ta mai da shi huɗu, haka dai. Kanta ya ɗaure tamau. Ta zargi talabijin, ta zargi na'ura, har mai gyara ta kira ya kwance ya ɗaura, bawan Allah bai ga komai ba.

Asabar ta biyar, garin sauri ta manta ba ta ɗora rubutun ba sam. Baba ya dara. Ɗaya, biyu, Inna ma ta dara.

Ta tsayar da fim ɗin, ta matsa kusa da kunnenta. "Inna, me kika karanta?"

"Karatu? 'Yar nan, tun bara na daina ganin tururuwan nan naki. Fuskar Malam nake kallo ta gefen ido. In ya dara, na san abin ya yi daɗi."

Tausayi ya kama ta, da kunyar wata guda da ta yi tana gyaran abin da ba a kallo. Ta tashi ta juya kujerar Inna ta fuskanci ta Baba, sannan ta sake kunnawa.