Babban Yatsan Yaya

Yayata ba ta kallon lemo. Shekara ashirin da shida ta yi a kujerar ƙarshe ta dogon teburin da muke tantance lemo a rumfar ƙungiyar manoma, ban taɓa ganin ta sunkuyar da kai ta duba ko ƙwaya ɗaya ba. Ɗauka take yi, ta murza da babban yatsa, ta jefa dama ko hagu, idonta na kan bango. Dama kwali, hagu kwandon shara. Ni shekarata goma sha huɗu a kujera ta tara, har yau sai na zura ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Wani ƙuda ne ke ba mu wahala. Yakan huda ɓawon lemo ya zuba ƙwai, ya bar shi sumul kamar ba a yi komai ba. Sai bayan sati biyu, lemon na cikin kwali a bayan tirela, ya ruɓe ya ruɓar da na kusa da shi. Mu goma sha ɗaya muna cire wanda ido ya gani, wanda ido bai gani ba kuwa Yaya ke jira. Ta ce wurin hudar yana da ɗan laushi. Na taɓa har na gaji, ni dai lemo nake ji.

A gonar babanmu ta koya. Ita ce babba, don haka ita ya fara ɗorawa a tsani. Ta yi aure, ta haifi huɗu, mijin ya rasu. Da Baba ya rasu aka raba gonar, kowa ya tashi da itace biyar da rigima, ita kuwa ta tattara ta shiga rumfar ƙungiya. Manajoji huɗu ta ga zuwansu da tafiyarsu. Ba ta da surutu. Ka gaishe ta ta amsa, ka ƙara ta dube ka.

Shekara biyu da suka wuce, masu sayen lemonmu na ƙasar waje suka aiko da sababbin sharuɗɗa, shafi talatin da biyu. Manaja, mutumin kirki, sa'an ɗanta na biyu, ya tara mu ya karanta. Hula a ka, ban da ɗan kunne, ban da awarwaro. Sharaɗi na sha bakwai kuma ya ce hannu ba zai taɓa lemo ba sai da safar roba. Idan sufeto ya kama ko mutum ɗaya, za a soke takardar shaidar rumfar, manoma ɗari da ɗoriya su nemi inda za su kai lemonsu.

Yaya ta ce, "Manaja, wanda ya rubuta wannan ya taɓa tantance lemo?"

Ya ce, "Inna, ni ma aiko mini aka yi."

Ta ce, "To."

Wuni ɗaya ta yi da safar. Washegari ta sa reza ta datse kan babban yatsan safar dama, ta ci gaba da aikinta. Wata bakwai ana haka. Kowa ya sani. Manaja ma ya sani, shi ya sa duk sanda ya zo daidai kujerarta sai wani abu ya ɗauke masa hankali a rufin kwano.

Wata Talata sufeto ya faɗo ba sanarwa. Ya duba banɗaki, ya ƙirga huluna, ya zo ya tsaya a bayan Yaya yana mamakin saurinta. Can sai ya ce, "Mama, ɗaga hannunki." Ta ɗaga. Ga yatsa nan ya leƙo kamar kan kunkuru.

Bawan Allah ya ce, "Yagewa ta yi yanzu, ko?"

Wallahi ƙofa ya buɗe mata, har da riƙe mata labule. Na yi tari, ta kusa da ni ta yi tari, Manaja ya yi tarin da ya fi na kowa.

Yaya ta ce, "A'a, ni na yanke. Da reza."

Haba! Ran nan, da ba yayata ba ce, da na shaƙe ta. Sufeto ya rubuta, don ba shi da yadda zai yi. Sharaɗin bar mana takardarmu shi ne a cire mai laifi daga tebur. Kafin a tashi aka miƙa wa Yaya tsintsiya, aka ɗora ni a kujerarta. Na zauna a kai ina jin kunya kamar na sa zanen da ba nawa ba. Ita kuwa ta kama shara, har ƙarƙashin ƙafata take sharewa tana cewa in ɗaga.

Bayan sati uku aka dawo mana da tirelarmu. Warinta ya riga ta shigowa.

Washegari da safe Manaja ya zo gida, ya cire takalmi ya zauna a tabarma. Ya ce akwai ɗakin ajiya a bayan rumfa, za a sa mata tebur a bayan tarin kwalaye. Kowane lemo zai bi ta hannunta kafin a rufe kwali, ba safa, ba mai gani. Amma a takarda tana nan a mai shara.

Ta ce, "Sharar fa?"

Ya sosa ƙeya. "Sai ki haɗa, Inna, don kada a gane."

Ta ce, "To."

Yana fita na hau ta da faɗa. Na ce ta bar su, lemon ya yi ta ruɓewa har su dawo mata da kujerarta a gaban kowa, da ban haƙuri. Ta bar ni na gama, ta ce, "Lemon mutane ne." Ta tashi ta ɗaura ɗankwali.

Shekara guda cur ba a dawo mana da ko kwali ɗaya ba. Masu saye suka ji daɗi, suka turo wani babba da lambar yabo. Aka kafa rumfa a fili, aka jera kujeru, aka tsara lemo a tebur ya yi tsini. Yaya ce ta share filin tun da sassafe, ta koma gefe ta tsaya da tsintsiyarta. Babban ya yi jawabi mai tsawo, ya ce mu shaida ne cewa safar roba na maganin ruɓa. Muka tafa, da safarmu a hannu.

Yana cikin nuna teburin hannunsa ya bugi gefen, lemo ɗaya ya gangaro ta kan shimfiɗa ya faɗo wajen Yaya. Ta cafe shi kafin ya taɓa ƙasa, ta miƙa masa.

Bai karɓa ba. Ya dubi Manaja ya ce, "Wannan ya taɓa hannu. A fitar da shi." Ya juyo gare ta da murmushi. "Mama, ki riƙa barin lemo ga waɗanda suka san aikinsa."

Na zuba wa Manaja ido, ina jira ya buɗe baki. Ya ɗauko kwandon shara ya miƙo mata, kansa a ƙasa. Ta saka lemon a ciki a hankali.

A hanyar gida ni nake kuka, kukan haushi, ina zagin kowa har da ƙudan. Sai da muka kusa ƙofa Yaya ta juyo.

Ta ce, "Lemon nan mai kyau ne fa. Shekaranjiya ma na taɓa shi."