Babban Mutum a Tsakiyar Mayo

Garwa zuwa Gaundare

Ladanin unguwarmu Rumde Ajiya bai gama gyaran murya ba 'yar ƙanwata Asabe ta buga mini ƙofa. Malamar makaranta ce, amma hutu na zuwa sai ta shiga ƙauyuka tana haɗa wasan kwaikwayo da mutanen gari. Na ce, "Ni da na tsaya a aji uku, me zan yi a cikin 'yan boko?" Ta ce, "Kawu, ba iliminka muke so ba, maƙogwaronka muke so." Ku ji rashin kunya. Shekaruna a dillancin kasuwa, abin da zuriya ta shaida mini ke nan.

Motar Gaundare da muka shiga ta cika har bisa, da mu da buhunan albasa. Shingen jandarma kuwa na daina ƙirga su tun kafin Mbe. A wani shingen yaro sa'an jikana ya juya katina sama da ƙasa, ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Na ce, "Ɗana, lokacin da aka ɗauke shi ina da haƙora." A hawan dutse mota ta yi tari ta tsaya, direba ya ce maza su sauka su tura. Na shaida masa ni dattijo ne. Ya ce, "Baba, to yi mana addu'a a ƙasa." Muka kwana Gaundare gidan wani tsohon abokina, tuwon masara da miyar yakuwa, da sanyin da ba mu san irinsa a Garwa ba.

Hanyar Tinyer

Daga nan hanya ta zama jar laka, muka ƙarasa a babur. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, ina so in mutu a kan gadona. Yana ƙetaren wani rafi, mayo in ji Fulani. Babu gada. Da rani mota na ratsawa, da damina samari ke ɗaukar mutane a kafaɗa. Haka na shiga garin, babbar riga a naɗe a wuya.

Aka sauke ni gidan Dada Marta, manomiya, Kirista, Hausarta ta kasuwa ce amma ba ta ɓata. Ta kawo mini kunun gyaɗa, ta zauna nesa kaɗan. Ɗanta Yohanna ruwan nan ya tafi da shi daminar bara, da buhun gyaɗa a ka, zai kai kasuwa. Wasan duka a kan wannan aka gina shi, kuma ba a kan dandamali ba, a bakin mayon, daidai inda ƙafarsa ta zame. Samarin da ke ƙetarar da mutane su za su fito a matsayin kansu. A ƙarshe Marta za ta tsaya ta kira sunan ɗanta. Muryarta ƙarama ce, ruwa na da ƙara, shi ya sa aka ɗauko ni in maimaita abin da ta faɗa.

Ta ce mini, "Malam, ba na neman kuɗi. So nake babban mutum ya tsaya inda ɗana ya tsaya, ya ji sunansa."

Saƙon babban mutum

Ana gobe wasa sai ga ɗan aike daga ofishin babban jami'in da aka gayyata. Wai a kawo rubutun wasan a duba. Asabe ta ce ba a rubuce yake ba, a bakin mutane yake. Ya ce to umarni: bakin rafi bai dace da baƙo mai daraja ba, a yi a filin makaranta, a jera kujeru. Ruwa kuma a shimfiɗa shuɗin zane a madadinsa. Batun mutuwa a cire, yana ɓata sunan yanki.

Shuɗin zane, jama'a! Ga ruwan da ya ci mutum yana gudu a bayan gari, a ce a je a aro zanen matar jauro, wato mai gari. Na tashi zan ba shi amsa, Asabe ta taka mini ƙafa. Marta ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ranar ba ta hura wuta ba.

Ranar wasa

Abin da masu umarni suka manta shi ne makarantar ma a ƙetare take. Ruwa ya sauka a kan duwatsu, da safe mayo ya cika ya yi ja. Motar babban mutum ta zo ta tsaya a wancan gefe. Ya fito da kwat da takalmi mai ƙyalli, ya dubi ruwa, ya dubi direba. Ba yadda za a yi, samari huɗu suka shiga suka ɗauko shi.

Suna kaiwa tsakiya, inda ruwa ya kai ƙirji, sai suka tsaya. Ya riƙe kan ɗayansu da hannu biyu yana ta Faransanci. Na gaban ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan ake hutawa, dutsen na da santsi."

Marta ta sauko har ruwa ya taɓa zanenta. Ta yi magana, na ɗaga murya na maimaita, Asabe tana juyawa da Faransanci. "Nan ya tsaya, inda kake. Buhu ne a kansa, kai ka fi buhun nauyi. Sunansa Yohanna." Na kira sunan da duk abin da Allah ya ba ni, har mutanen wancan gefe suka cire huluna. Gari duka na tsaye a gaɓa.

Da aka dire shi, takalminsa ko ɗigo bai taɓa ba. Ya gyara kwat, ya tafa hannu. Ya ce lalle ƙauyen nan akwai masu basira, zai sa a gayyace su bikin al'adu a birni. Gada kuwa, ko da kuskure bakinsa bai furta ba. Ya ci kaji, samarin nan kuma suka sake ɗaukarsa suka mayar. Na ce su ɗan tsoma shi ko sau ɗaya ne, jauro ya harare ni.

Da yamma na iske Marta tana hura wuta. Na ce, "Dada, ba mu samo gada ba." Ta ce, "Ya ji sunan."

Komowa

Na iso Garwa da mura, murya ta dushe, uwargida ta ce gida bai taɓa yin daɗi haka ba. Godiya ga Allah da ya dawo da ni, ga Dada Marta da kununta, ga samarin da kafaɗunsu su ne gadar garin har yau. Babban mutum kuma muna yi masa fatan ƙarin girma. Allah ya sa a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙetaren mayon nan, da damina.