Rariyar Kaka Hajjo

Kakata Hajjo ba ta fara tatsuniya sai da kwandon gyaɗa a gabanta tana ɓarewa, wutar kara na ci a murhu, mu kuwa mun kewaye ta bayan sallar isha'i. Gidanmu na bakin hanyar Araba ne a Illela, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Amma ranar da nake tunawa ko gyaɗa ɗaya ba ta ɓare ba. Haushi ne ya cika ta, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ranar aka faɗi wanda zai tafi babbar firamare a Sakkwato. Gurbi ɗaya aka ba makarantarmu, kowa kuma ya san na yayana Haliru ne. Ajinmu ɗaya da shi, kuma shi yake koya mini lissafi. Sai ga wani masanin ilimi daga jami'a da sabuwar dabararsa ta gwada yara: ya jefa wa yaro tambaya, ya duba agogo. Wanda ya amsa da sauri yana kallonsa ido cikin ido, wai shi ne mai basira. Haliru kuwa a zauren karatun babanmu ya tashi, inda yaro ba ya ɗaga ido ga babba, ba ya buɗe baki sai ya tabbata an gama magana. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya jira. Agogo bai jira shi ba. Ni da kullum nake shan duka saboda katsalandan, ni na ci.

"Ku matso," in ji Kaka. "Ga ta nan tahe, amma ta yau da ɗaci."

Wai wani sarki ne ya so irin gero mafi kyau, sai ya aiko bafade da rariyar tankaɗe gari da aka saƙo a wata ƙasa. Bafade ya ce abin da ya wuce ta rariya shi ne iri, abin da ya tsaya a watsa wa kaji. Manoma suna gani suka yi gum, don rariyar daga nesa ta zo. Tsaki da ƙura suka wuce, ƙosassun ƙwayoyi suka tsaya. Damina ta faɗi, aka shuka tsaki.

"Shekaran nan kaji sunka yi ƙiba, mutane sunka rame."

Na ce, "Kaka, bafaden hwa, mi anka yi mai?"

"Rawani anka naɗa mai, angona. Mi kake so a yi mai? Ta ƙare nan, wanda yaj ji ɗaci shi tohe."

Haliru ya tashi ya shige zaure.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. A kwalejin horon malamai, littafin wannan masanin aka ɗora mana. Na haddace shi, na ci jarrabawa da shi, na horar da malamai da shi, su ma suka fita ƙauyuka kowa da agogonsa. Yara nawa masu kunya muka watsa wa kaji? Na san tatsuniyar sarai, amma na yi gum irin na manoman. A rariyar nan ni ne tsakin da ya wuce, sannan na dawo na riƙa tankaɗe 'ya'yan mutane.

Haliru ya ƙare rayuwarsa yana noma a Garu. Da furfura a kanmu, kafin rasuwarsa, na daure na tambaye shi ko ya san amsar tambayar ranar nan. Ya maimaita mini tambayar kalma da kalma, ya ba ni amsarta daidai.

Na ce, "To Yaya, mi yah hana ka faɗi?"

Ya ce, "Jira nike shi ƙare magana."