Maryamu Biyu a Littafin Baftisma

Shekara tara ke nan a wannan watan da rasuwar Bitrus. Ba sanannen mutum ba ne. In akwai mai tuna shi cikin masu karanta wannan shafi, sai dai wanda ya taɓa zuwa ofishin jakadancinmu a Alƙahira sabunta fasfo a wancan lokacin, ya tarar da wani dogon mutum mai tabarau rataye da igiya yana duba takardu ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa komai tsawon layi. Akawu ne. Ni kuma karatu ya kawo ni Masar, karatun ya ƙare ban koma gida ba, na zauna a unguwar Faisal ina aikin fassara. Shi Kirista ne daga wani ƙauye a gangaren Filato, ni Musulmi ne Bakatsine. Ya girme ni nesa, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam.

Abin da ya haɗa mu shi ne tsohon rubutun Larabci. Yana neman wanda zai iya karanta irin rubutun hannu na malaman gwamnatin da, wanda ko Misirawan yanzu ba kowa ke iya shi ba, aka nuna masa ni. Ranar farko da muka zauna a wani gidan shayi a unguwar Zamalek ya ba ni labarin da ya sa ya yi shekaru yana roƙon a turo shi aiki Masar.

Kakan mahaifiyarsa, Ɗanjuma, an kama shi yana yaro tare da ƙanwarsa Ladi a wani hari a ƙasar Zazzau. Aka ƙetare da su hamada, aka sayar da su a Masar. Da aka hana cinikin bayi, wasu fada-fada, limaman cocin Katolika, suka karɓe su a gidan mishan, aka yi musu baftisma, Ɗanjuma ya zama Yusufu. Bayan shekaru, da fada-fadan suka tashi zuwa ƙasashen Kwara suna bukatar mai jin Hausa, sai ya bi su. Ladi ta zauna. Ya ce mata zai dawo ya ɗauke ta, bai kuma sake ganin Masar ba har ya mutu. Tun daga nan, duk safiyar Kirsimeti in ana addu'a a gidansu, bayan an ambaci na kusa da na nesa, sai babban gida ya ƙara da cewa, “Da danginmu na Masar, 'ya'yan Ladi.” Haka aka yi ta yi har zamanin mahaifiyar Bitrus, Mama Saratu, wadda a lokacin ta tsufa ƙwarai. Ba wanda ya san ko akwai 'ya'yan. An dai ɗauka akwai.

Mun fara da littattafan wata tsohuwar ƙidaya da aka yi a Alƙahira zamanin sarakunan da. Samun izinin shiga ma'ajiyar littattafan kaɗai ya ci wata uku. Littattafai ne manya, an bi gari unguwa-unguwa, gida-gida: sunan maigida, matansa, 'ya'yansa, sa'an nan a can ƙasa barori da bayi, kowa da shekarunsa da asalinsa. Wahalar ita ce bawa ba ya riƙe sunansa na gida, sai wanda ubangijinsa ya laƙaba masa. Don haka ba Ladi muke nema ba, kalmar Takruri muke bi, wadda da ita suke kiran mutanen yammacin Afirka. Bitrus yakan ɗauki hutun kwana ɗaya a mako, ni in karanta, shi ya rubuta. Sannu ba ta hana zuwa. A wata na biyar, a gidan wani fatake mai cinikin fata, muka ga yara biyu a jere: Surur, Takruri, kimanin shekara takwas, Mabruka, Takruriyya, kimanin shida. Na ɗaga kai ina murna. Shi ko ya kwafe layin, ya ce, “Wannan alama ce, Malam, ba shaida ba ce.”

Shaidar a wani tsohon coci a unguwar Shubra muka same ta. Wani dattijon Fada ne ke riƙe da littattafan, da Latin aka rubuta su, don haka a nan ilmina ya ƙare, na koma ɗan rakiya. Fadan ya bi shafukan baftisma da yatsa har ya tsaya. Yusufu, wanda a da ake kira Surur, a harshensu Ɗanjuma. A ƙarƙashinsa Maryamu, wadda a da ake kira Mabruka, a harshensu Ladi. Wanda ya rubuta bai iya baƙaƙenmu ba, ya karkata sunan Ɗanjuma har sai an furta shi a fili kafin a gane, amma Ladi ta fito sarai, baƙi huɗu. Bitrus ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Iyakar abin da na gani ke nan.

Fadan ya ɗauko littafin aure. A ciki akwai wata Maryamu, baƙar fata, daga gidan mishan, ta auri wani kafinta. Ya ce ai ya san zuriyar kafintan nan, har yanzu suna zuwa cocin. Haka muka san Ammu Girgis, wato Baffa Girgis, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai duhun fata fiye da maƙwabtansa, wanda ya tashi yana jin cewa kakarsu ta farko daga ƙasar baƙaƙe ta zo. Ranar da muka je gidansa, a hawa na huɗu, an cika tebur da miyar mulukiyya da ganyen inabi naɗaɗɗe da shinkafa. Girgis ya rungume Bitrus yana kuka. Aka kira Mama Saratu a waya, ba ta jin Larabci, shi ba ya jin Hausa, ni na tsaya a tsakani. Har guɗa ta yi, da muryar da ta rage mata. A ƙauyensu aka yi addu'ar godiya a coci ranar Lahadi.

Da wani ne, da nan labarin ya ƙare, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma Bitrus akawu ne har cikin ƙashi. Wata biyu yana zuwa Shubra cin abinci kowace Juma'a, abu ɗaya kuwa na damunsa: littafin auren bai ambaci tsohon sunan amaryar ba. Sai ya koma wurin Fada, ina biye da shi, ya ce a ba shi littafin jana'iza. Fadan ya tambaye shi me yake nema kuma, bayan Allah ya riga ya ba shi. Ya ce so yake ya ga ranar da ta rasu. Suka duba shekarun da ya kamata tsohuwa ta mutu, ba su ga abin da ya gamsar da shi ba, sai ya ce a koma baya. Can baya suka same ta. Maryamu Ladi, ƙanwar Yusufu wanda ya tafi da fada-fada, ta rasu da ciwon ƙirji a sanyin da ya biyo bayan tafiyarsa. Ba ta yi aure ba. Da aka sake buɗe shafin baftisma, layi biyu ƙasa da nata, ga wata Maryamu, 'yar Habasha, an yi musu baftisma rana ɗaya. Ita ce matar kafinta. Ranar farko duk mun gan ta, ba wanda ya kula, domin idonmu ya riga ya sami abin da yake so.

A nan ya kamata in faɗi nawa rabon. Ni na ba shi shawarar ya yi shiru. A cikin jirgin ƙasa na metro muna komawa na ce masa tsohuwa ce, kwananta nawa ya rage, me za a ƙaru da shi in an ƙwace mata wannan farin ciki? Girgis kuma bai cuci kowa ba. Na kawo masa hujjoji har da na malamai, a kan inda aka yi rangwame a ɓoye magana don gyara tsakanin mutane. Ya saurare ni har muka wuce tasha uku. Sa'an nan ya ce, “Malam, an sace ta, an sake mata suna sau biyu. Yanzu kuma ni in ba ta 'ya'yan wata? Abin da ya same ta kaɗai ta mallaka. A bar mata shi.”

Girgis ya fara gaya wa, a gidan shayin da ke ƙasan benensu, ni ina fassara. Ban taɓa yin fassarar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Tsohon ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya tambaya ko kakar tasa ta san Ladi. Bitrus ya ce ɗaki ɗaya suka zauna, rana ɗaya aka yi musu baftisma, da wuya a ce ba ta san ta ba. Girgis ya ce, “To wa kake tsammani ya yi jinyarta, wa ya wanke ta? Khalas, magana ta ƙare. Juma'a kar ka makara, an riga an sayi kaza.”

Mahaifiyarsa kuwa bai yarda ya gaya mata ta waya ba. Ya jira hutunsa, ya je ƙauye, ya zauna gabanta ya karanta mata abin da ya kwafo. Yadda ya ba ni labari, ba ta yi kuka ba. Ta ce ashe yarinyar ba ta daɗe tana jira ba, kuma ashe tsohon, Ɗanjuma, ya yi shekara da shekaru yana cin kansa a kan alkawarin da mutuwa ta riga ta warware. A Kirsimetin shekarar ita ta ja addu'a. Ta cire Ladi daga cikin masu rai, ta sa ta cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kusa da sunan wanta. Mama Saratu ta rasu kafin wata Kirsimetin ta zagayo.

Ina yawan tambayar kaina me Bitrus zai ce da ya ga yau. Littattafan da muka yi wata biyar muna shaƙar ƙurarsu, ire-irensu yanzu ana ɗaukar hotonsu, mutum na kwance a ɗakinsa zai iya duba na wasu ƙasashe a waya. 'Yarsa Rahila ta tofa yawu a 'yar kwalba ta aika Turai, aka dawo mata da taswira mai launi-launi da ke nuna inda jininta ya fito. Ina jin da zai so saukin, domin gwiwoyinsa sun sha hawan benen ma'ajiya. Amma ban ga yadda taswirar za ta burge shi ba. Ba ta da sunan kowa, ba ta san wanda ya yi alkawari ko wanda ya mutu da tari a watan sanyi ba.

Abin da na tabbata zai ba shi dariya, irin 'yar dariyarsa ta hanci, shi ne yadda neman asali ya zama ado. Kullum a dandalin waya sai ka ga wani ya zana bishiyar gidansu, reshe bisa reshe, ta miƙe har Bagadaza ko Yaman ko nan Masar, kuma kowane reshe sarki ne ko waliyyi. Ban taɓa ganin wanda ya zana tasa ta ƙare a ƙasan shafi, inda ake lissafa bayi ba. Alhali hamadar nan ba sharifai kaɗai suka ƙetare ta ba, kuma waɗanda aka ja da igiya su ma sun bar baya, ko kuma, kamar Ladi, ba su bari ba. Bitrus ya rubuta nasa yadda ya same shi a bayan Littafi Mai Tsarki na gidansu, da kalmar bawa da duk, ya kuma sa sunan littafin da shafin da ya samo kowane layi, don wanda zai zo bayansa ya iya kama shi in ya yi kuskure.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke Bitrus, saura shekara guda ya yi ritaya. Kafin a kai gawar gida an yi masa addu'a a wani coci a unguwar Ma'adi. Girgis ya zo da sandarsa tun daga Shubra, ya wuce kujerun baƙi ya zauna a layin iyali, kuma da aka tashi ya tsaya yana karɓar gaisuwa tare da su. Ba wanda ya ce masa ya matsa. Shi ma ya rasu bayan shekara uku.

In aka auna abin da Bitrus ya bari, ba shi da yawa. Bai samo dangin da ya zo nema ba, domin babu su. Ya mayar wa wata yarinya sunanta da ranar mutuwarta, ya sauke wa gidansu jiran da suka gada. Ni kuma ya bar mini wata ɗabi'a da ke rage mini saurin aiki: duk takardar da na fassara, in ta yi daidai da abin da nake so ta ce, sai na koma na sake karanta layukan da ke ƙasa.

Bara Rahila ta zo Alƙahira, na raka ta Shubra. Zumunta a ƙafa take, in ji mutanenmu, kuma benen nan har yanzu hawa huɗu ne. 'Yar Girgis ta tare mu a matakala, ta riƙe hannun Rahila tana nuna wa maƙwabta cewa ga 'yar kawunta daga Najeriya. Wata maƙwabciya ta dube su su biyun, ta tambaya ko da gaske jini ɗaya ne. 'Yar Girgis ta ce, “A'a. Babanta ya bincika, ba mu haɗa komai ba.” Sa'an nan ta ja Rahila ciki, ta ce abinci na hucewa.